Lauje da Katakon Gwaji

Duk baƙon da ya shiga shagon askin nan da ke tsakanin kafinta da mai sayar da kayan wuta, abin da zai fara lura da shi shi ne madubin a karkace yake. Ɓangaren dama ya sauka da kamar yatsu uku. Baƙo kan miƙa hannu zai gyara, sai mutanen benci su ce, "Bar shi, haka yake." Da mai shagon ya juyo da kilifa a hannu, baƙon kan gane dalili, ya nemi wuri ya zauna bai ƙara magana ba.

Lauje ake kiransa. Shekararsa arba'in da huɗu, ashirin da ɗaya daga ciki a wannan shagon ya yi su. Ƙashin bayansa ya lanƙwasa tun yana yaro: kafaɗar dama ta sauka, ta hagu ta ɗaga, kansa kuma ya ɗan kwanta wajen dama. Shi ya buga ƙusoshin madubin da hannunsa ranar da ya buɗe shago, ya ja da baya ya duba, ya ga sun yi daidai. A idonsa har kwanan baya daidai suke.

Wanda ya zauna ya kalle shi yana aiki zai ga ba da hannu kaɗai yake aski ba, har da baya. Yakan zagaya kujera, ya sunkuya, ya murɗa jiki ya leƙa bayan kunne, ya dawo gaba ya ɗora babban yatsan hagu a gefen goshin mutum ya ɗan kwantar masa da kai, sannan ya fitar da layi. Wannan layin na goshi shi ne abin da ya yi suna da shi. Akwai masu wuce shagunan aski uku su zo su yi jiran awa guda saboda shi.

Tela ne ya fara gano lanƙwasar, lokacin Lauje yana ɗan shekara goma sha uku. Sau biyu mahaifiyarsa tana mayar da rigar makaranta wai an ɗinka ta a karkace. A na uku telan ya tsayar da yaron, ya ɗora tef daga kafaɗa zuwa ƙugu ta kowane gefe, ya ce, "Baiwar Allah, rigata lafiya take. Ki duba ɗanki." Ta ɗora laifin kan jakar littattafai, daga baya kan bokitin ruwa, daga baya kuma kan kwanciyar gefe ɗaya. Babu ko ɗaya a ciki da ya yi laifin, amma sai da shekaru suka ja kafin wani ya gaya mata haka.

A makaranta kuwa hedimasta ya ɗauka iskanci ne. Kowace safiya a layi sai ya zo ya kafa masa rula a kafaɗa. "Kai, miƙe!" Yaron ya miƙe iyakar ƙarfinsa. "Na ce ka miƙe!" Sai rula ta sauka. A wannan layin ne yaron da ke tsaye a bayansa ya raɗa masa suna Lauje. Wannan yaron shi ne kafintan da ke maƙwabtaka da shi yanzu, kuma har yau bai nemi gafara ba. Hedimastan shi ma ya yi ritaya a unguwar, kuma shekara goma sha tara ke nan duk ranar Alhamis yake zuwa aski. Allah ya bar masa gashinsa, fari fat, cike da kai. Maganar rula ba ta taɓa haɗa su ba.

Matar Lauje malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Ita ke rage masa gefe ɗaya na kowace riga kafin ya sa. In aka tambaye ta abin da ta gani a jikinsa, takan ce, "Na ga mutum kullum kansa a karkace, na ce wannan mai sauraro ne. Sai bayan aure na gane ba saurara yake ba, haka Allah ya yi shi."

Shi dai bai taɓa ɗaukar kansa mara lafiya ba. Ciwon baya yana nan, amma ya saba da shi kamar yadda ake sabawa da maƙwabci mai surutu. Sai shekara biyu da suka wuce abin ya canza salo. Ciwon ya fara gangarowa ƙafar hagu. In ya yi tsayuwar kai uku a jere, ƙafar sai ta mutu, ya ji kamar yana taka auduga. Ya fara korar mutane daga ƙarshen benci yana kwanciya minti biyar tsakanin kai da kai. Wata ranar Asabar ƙafar ta ƙi ɗaukarsa yana tsakiyar aski, ya dafa kafaɗar mutumin da ke kan kujera, reza a ɗaya hannun. Mutumin ya ɗauka wasa ne. Lauje ya san ba wasa ba ne.

An yi shekara guda ana gashin ƙashi, ana motsa jiki, ana allura. Sauƙin yakan zo ya tafi. Daga ƙarshe likitar ƙashi, wata mace mai gajeriyar magana, ta jera hotunan ƙashin bayansa guda biyu a jikin fitila. Na farko na shekara shida baya ne, na biyu na makon jiya.

"Wancan digiri hamsin da ɗaya," in ji ta. "Wannan sittin da uku. Sunan abin a Turance sikoliyosis, amma sunan ba zai amfane ka da komai ba. Abin da ya dame ni shi ne yana ƙaruwa, kuma a nan ƙasa ya matse jijiyar da ke zuwa ƙafarka."

Lauje ya kwantar da kai ya kalli hoton. "Ashe kafinta bai yi ƙarya ba."

Ta bayyana masa aikin dalla-dalla, ba ta ƙawata komai ba. Za a buɗe bayan, a ɗaura sanduna biyu na ƙarfe a gefen ƙashin, a kama su da notuna, a saki jijiyar da ta matse. Aiki ne babba, na awoyi da yawa. Akwai haɗarin zubar jini, akwai na ƙwayar cuta, akwai na taɓa jijiya, ko da yake wannan bai cika faruwa ba. Ba zai miƙe kamar sandar fitila ba, kuma ba ta yi alkawarin ciwon zai tafi duka ba. Zai yi watanni bai riƙe kilifa ba. Kuma wurin da aka ɗaure, daga tsakiyar baya zuwa ƙugu, ba zai sake lanƙwasawa ko murɗawa ba har abada.

"Sallah fa?"

"Da farko a zaune. Daga baya da ƙugu da gwiwa za ka koyi sunkuyawa. Mafi yawan waɗanda na yi wa sun koma."

"Aski fa, Likita?"

Ta cire tabarau. "Malam, ban taɓa yi wa kowa aski ba. Wannan kai za ka gaya mini. Ka je ka yi tunani, ka dawo nan da mako huɗu da amsa, ko e ko a'a. Duka biyun amsa ce."

Makon farko ya ƙare bai ce wa kowa komai ba sai Malama. Ita ra'ayinta a fili yake: ta fi son miji mai sandar ƙarfe a baya da miji mai sanda a hannu. Shi kuwa abu ɗaya ya tsaya masa. Babu wata sana'a da ya iya. In aka ɗaure bayan ya tashi ya tarar hannunsa ya daina fitar da layi, to an gyara ƙafa an kashe mai aski. In kuma ya ƙi, ƙafar za ta zaunar da shi ko ba jima ko ba daɗe.

Ranar Litinin da safe yana goge kilifa sai ya tuna cewa bai taɓa sayen kilifa bai jona ta ya ji kukanta ba. Ya leƙa shagon kafinta.

"Kai, ɓarawon katako. Ina son falanki mai faɗin tafin hannu biyu, daga wuyana zuwa ƙuguna."

"Akwatin gawa kake so a fara tun yanzu?"

"Baya nake so in gwada kafin in saya."

Kafinta ya ajiye zarto ya saurari bayanin har ƙarshe, abin da bai saba yi ba. Da ya ji maganar sanduna da notuna sai idonsa ya yi haske. "Au, ashe aikinmu ne! Kawo bayan nan in yi maka, rabin yini na gama."

"Kai da teburinka ba ya tsayuwa sai an sa masa kwali?"

Kafin azahar an gama. Falanki ne mai laushin katifa a ciki, da bel uku: ɗaya a ƙirji ta ƙarƙashin hammata, ɗaya a ciki, ɗaya a ƙugu. Malama ta ce ba za a ɗaura shi ba sai likita ta sani, ta kira ta a waya da kanta. Sai aka ji likitar tana dariya. Ta ce katako ba tiyata ba ne kuma ba zai miƙar da ƙashi ba, amma zai hana shi sunkuyawa da murɗawa, wanda shi ne abin da yake son ya gwada. Awa uku a rana, kada a matse, in ƙafa ta mutu a kwance shi nan take.

Ranar Talata ya sa babbar riga a kai ya buɗe shago. Ba a yi minti goma ba mataji ya faɗi ƙasa. Ya tsaya yana kallonsa, mataji yana kallonsa. Ya gwada da yatsun ƙafa, ya gwada da tsintsiya, daga ƙarshe ya durƙusa a miƙe kamar raƙumi zai sha ruwa. Mutanen benci suka ga kan falanki ya leƙo ta wuyan riga, asiri ya tonu. Kafin la'asar duk layin shagunan ya ji labari. Mai kayan wuta ya zo ya ƙwanƙwasa bayan ya ce, "Salamu alaikum, akwai mutane a ciki?" Wani ya nemi a ba shi aron alli zai rubuta sanarwa.

Askin ranar da na Laraba duk na ƙwal ne da na yara, ba mai neman layi. Lauje ya gano zai iya zagaya kujera da ƙafa maimakon murɗa jiki, ya fara jin ƙarfin gwiwa.

Ranar Alhamis Hedimasta ya zo ƙarfe goma daidai, kamar kullum, jarida a hammata. Ya dubi falankin ta saman tabarau.

"Wannan fa?"

"Gwaji nake, ranka ya daɗe."

"To, ka gwada a kan wani. Gobe za a ɗauke mu hoton sabon katin 'yan fansho. Layi nake so kamar kullum."

Lauje ya yafa masa ƙyalle, ya rage gashin, ya shafa hoda a goshi. Bel ɗin ƙirji ya riƙe kafaɗunsa, don haka kansa a tsaye yake fiye da yadda ya saba. Ya ja layin a hankali daga dama zuwa hagu, ya ja da baya ya duba. Ya fita sambal. Ya yi hamdala a ransa, ya cire ƙyalle.

Hedimasta ya miƙe ya dubi madubi. Layin ya taso daga kusa da girar hagu ya haura sama wajen dama, kamar hanyar hawa dutse.

Mutanen benci suka ƙunshe dariya.

"Zauna, ranka ya daɗe, ɗan gyara ne."

Ya zauna. Lauje ya ɗaga gefen da ya sauka, ya duba, ya ga daidai. Hedimasta ya miƙe, layi ya sake karkacewa, sai dai yanzu goshin ya ƙara faɗi da yatsa guda. A karo na uku goshin ya kai kusan tsakiyar kai. Babu abin da ya rage sai a kwashe duka. Gashin da tsohon ya yi shekara saba'in da biyar yana taƙama da shi ya zube a ƙasa kamar an fasa matashin kai.

Hedimasta ya shafa kan da tafin hannu, ya ɗauki jaridarsa. "Shekara talatin da biyar ina koyarwa," in ji shi, "ban taɓa korar yaro don ya yi kuskure ba. Wanda ya maimaita sau uku nake kora." Ya fita.

Dariyar da benci ya riƙe ta fashe bayan ya sha kwana. Lauje bai yi ba. Ya kwance bel ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya kai falankin shagon kafinta ya jingina.

"Ka yi kanta da shi. Na samu amsata."

Da yamma ya gaya wa Malama ba za a yi aikin ba. Gara ya yi shekara biyar yana aski yana kwanciya a benci da ya yi talatin a miƙe yana ɓata kawunan mutane. Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce kawai, "Ka ce a idonka layin daidai yake?"

"Sau uku."

"Kuma da ya tashi sai ya karkace?"

"Malama, kada ki sa ni in sake ba da labarin nan."

Ranar Asabar ba makaranta. Ta zo shagon da littattafan 'yan ajinta, ta zauna a ƙarshen benci wai a gida yara sun hana ta duba aiki. Lauje yana aski ba falanki, kamar da. Mutum na farko ya hau kujera, na biyu ya hau, na uku. A na huɗu ta ajiye jan biro ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti sai kafaɗa.

"Lafiya?"

"Baban yara, dakata. Kada ka taɓa shi." Ta juya ga mutumin da ke kan kujera, wani mai gyaran babur. "Bawan Allah, wa ya ce ka kwantar da kai?"

Mutumin ya dubi madubi. Kansa a kwance yake wajen dama, ba wanda ya taɓa shi. "Ni? Ai haka ake zama."

"A ina?"

Ya yi tunani. "A nan."

Ta sa mutanen benci suka hau kujerar ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya daɗe yana zuwa, da ya ji ƙyalle a wuya sai kansa ya tafi dama da kansa. Baƙo ɗaya ne kawai, wanda ya zo unguwar kwanan nan, ya zauna a miƙe.

"Ka gani?" in ji ta. "Ina da irinsu a aji. Yaro ya karkatar da littafi, ya karkatar da kai, rubutu ya fita daidai. Ranar da ka miƙar masa da kai ka bar littafin, sai rubutu ya hau dutse. Shekara ashirin kana kwantar da kan mutane don ya yi daidai da naka. Ranar Alhamis kai ka miƙe, Baba Hedimasta bai miƙe ba."

Lauje ya tsaya da kilifa tana kuka a hannunsa. Ya dubi madubin, ya dubi kan mai gyaran babur, ya dubi babban yatsansa na hagu kamar yau ya fara ganinsa.

"Wato duk unguwar nan na karkatar?"

"Har da mai unguwar, in yana zuwa."

Ya leƙa waje ya ɗaga murya. "Kafinta! Ka yanka falankin nan?"

"Na san za ka dawo. Ka taɓa yanke shawara sau ɗaya a rayuwarka?"

Mako na uku na gyara ne. Kafinta ya zo da ma'aunin nan mai ƙwayar ruwa a tsakiya, wanda magina ke duba daidaiton bango da shi, ya cire madubi ya buga sababbin ƙusoshi. Ya yi wa kujerar aski dandamali mai tsawon taƙi guda, don kan mutum ya taso daidai ƙirjin Lauje ba sai ya sunkuya ba. Ya ɗaga kantar kayan aiki. Malama ta ɗinka masa riga mai aljihu shida, mataji kuma aka ɗaure shi da igiya a wuya. Don leƙa bayan kunne aka samo kujera mai taya daga wani ofis da ya tashi. Ranar farko ta gudu da shi har bakin ƙofa.

Abin da ya fi wuya shi ne yatsan. Da ya zo fitar da layi sai ya tafi goshin mutum da kansa. Lauje ya naɗe shi da filasta don ya riƙa tunawa. Masu zuwa aski ma sai da aka koya musu zama. "Miƙe wuya. A'a, ka koma. Kalli ƙusar can." Wasu suka ce wuyansu na ciwo. Kafinta ya ba da kansa aka fara gwaji a kai, bisa sharaɗin in an ɓata zai riƙa ba da labarin har jikoki. Layin farko ya ɗan kauce. Na mai kayan wuta ya fi shi. Zuwa ƙarshen mako, cikin awa ukun da yake ɗaure da falanki, kai biyar yake yi ba a dawo da ko ɗaya ba. A hankali yake, bai kai saurin da ba, kuma cinyoyinsa sun yi tsami saboda durƙuso. Ƙafar hagu tana nan tana mutuwa. Katako bai yi alkawarin komai a kanta ba.

Amma bai ce e ba tukuna. Kawunan da ya yi duk na masu haƙuri ne. Alhamis ɗaya ta wuce Hedimasta bai zo ba, karo na farko cikin shekara goma sha tara in ban da makon da aka yi masa aikin ido. An ce an gan shi da hula har a cikin gida.

Alhamis ta biyu, saura kwana huɗu a koma wurin likita, ƙarfe goma daidai sai ga shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi dandamali, ya dubi madubi, ya dubi falanki. Ya cire hula. Gashin ya tsiro, gajere, fari kamar an barbaɗa gishiri.

"Na je wurin yaran can na bakin titi," in ji shi. "Suna aski suna kallon waya. Na fasa." Ya hau kujera, ya zaro wani abu daga cikin jarida ya ɗora a cinya. Rula ce ta katako, tsohuwa, gefenta ya sha hannu.

Lauje ya gane ta. Ya yafa ƙyalle. Kan tsohon ya tafi dama a hankali.

"Ranka ya daɗe."

"Na'am."

"Miƙe."

Mutanen benci suka zuba ido. Hedimasta ya ɗaga kai kaɗan.

"Na ce ka miƙe, ranka ya daɗe."

Kafinta, wanda ya leƙo ta taga, ya toshe baki da hula ya koma shagonsa, daga can aka ji abin ya ƙwace masa. Hedimasta ya miƙar da wuya sosai, ya kafa ido a ƙusa. Gefen bakinsa yana rawa.

Lauje ya sa yatsan hagu a aljihu. Ya ja layin, ya zagaya da ƙafa, ya zauna a kujera mai taya ya gyara gefen kunne, ya tashi ya kaɗe hoda. Minti ashirin da biyar. Hedimasta ya sauko, ya matsa jikin madubi, ya ɗora rula a goshi, ya auna daga kowace gira zuwa layi. Ya sake aunawa.

"Tara cikin goma."

"Ina ɗayan ya tafi?"

"Hoton katina. Shekara biyar zan yi ina nuna shi." Ya juya rular a hannu. "A lokacin nan ba mu sani ba. Da na sani, da ban..." Bai ƙarasa ba. Ya ajiye rular a kan kanta kusa da kilifa. "Riƙe ta. Za ka buƙace ta in ka dawo."

Ranar Litinin Lauje da Malama suka koma asibiti. Ya zo da tambayoyi goma sha ɗaya da ta rubuta masa a bayan takardar jarrabawa: kwana nawa a gado, yaushe zai hau mota, wa zai ɗaura masa takalmi, me za a yi in noti ya kwance. Likitar ta amsa su ɗaya bayan ɗaya, wasu da "ban sani ba tukuna." Ta sake jera masa haɗurran, ba ta rage ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "Aski fa?"

"Zai yiwu, Likita. Sai dai an sha wahalar gyara mutanen gari."

Ya sa hannu a takardar amincewa. An ba shi rana nan da wata biyu, bayan gwaje-gwajen jini da na numfashi. Har yanzu yana jin tsoro, kuma yakan faɗa wa duk wanda ya tambaye shi. Kafinta ya yi alkawarin riƙe makullin shago da share shi, ya kuma nemi a roƙa masa likita ta bar shi ya leƙa ya ga irin notunan da suke amfani da su.

Kafin ranar, shago yana buɗe kamar kullum, falanki awa uku, sauran yini ba falanki. Madubin yana nan daidai, an auna shi da ma'auni sau biyu. Tsofaffin ramukan ƙusa suna nan a bango, Lauje ya hana a toshe. Kusan kowace rana sai wani daga cikin tsofaffin masu zuwa ya shigo, ya tsaya, ya kwantar da kai ya dubi bango, ya ce, "Lauje, wa ya karkatar maka da madubi?"